Tsohuwar Waya: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Lallaɓa Ta da Lokacin Sauya Ta

Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin wayoyi ya yi tashin da ya sa mutane da yawa suka daina sauya waya don marmari, suka koma riƙe wadda ke hannunsu har sai ta gaza. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga bakin masu irin wannan waya, a shagunan gyara da wuraren caji. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda suka shafi kuɗi da tsaro.

Shekara nawa waya take yi kafin a ce ta tsufa?

Babu wani adadin shekaru da za a yanke wa kowace waya, domin abubuwa uku ne suke tsufa a cikinta, kuma ba tare suke tsufa ba. Na farko shi ne batiri, wanda ƙarfinsa yake raguwa da yawan caji da zafi. Na biyu shi ne ma'ajiya da ƙarfin aiki, waɗanda ba raguwa suke yi sosai ba, manhajoji ne suke ƙara girma suna fin ƙarfinsu. Na uku shi ne kulawar kamfanin da ya ƙera wayar, wato sabuntawar tsaro da yake turowa lokaci zuwa lokaci.

Matsalar batiri tana da magani a wurin mai gyara, ta ma'ajiya kuma mai waya da kansa yana iya rage ta. Ta ukun ce kaɗai babu mai gyaran da zai iya yi mata komai, kuma ita ce ba ta nuna alama a fili. Saboda haka waya mai shekara biyar da aka sa wa sabon batiri, wadda kamfaninta yake turo mata sabuntawa, ta fi mai shekara biyu da aka daina kula da ita ƙuruciya.

Me ya sa cajin wayata ba ya daɗewa kamar lokacin da na saye ta?

Batirin wayoyin zamani na lithium ne, kuma duk lokacin da aka cika shi aka ƙarar da shi, sinadaran da ke ciki suna ɗan lalacewa ta yadda ba za su koma kamar da ba. Ana lissafin wannan da zagayen caji: amfani da kashi 100 na ƙarfin batiri zagaye ɗaya ne, ko da a kwana biyu aka yi shi, rabi yau rabi gobe. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1000. Wanda yake ƙarar da cajinsa kowace rana zai cika zagaye 500 kafin shekara ɗaya da rabi.

Zafi kuwa yana gaggauta wannan lalacewa fiye da komai. Apple dai ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce maki 35 a ma'aunin Celsius yana iya rage ƙarfin batiri har abada, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yakan haura maki 40. Wayar da aka bari a gaban mota da rana, ko wadda direban Keke Napep ya maƙala a inda rana take dukanta tana kan caji, tana tsufa da saurin da takardar kamfani ba ta lissafa ba.

Ta yaya zan gane cewa batirin ne matsalar?

A iPhone akwai wurin duba lafiyar batiri a cikin saiti, ƙarƙashin sashen batiri. An ƙara shi a 2018, bayan da kamfanin ya amsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi masu raunin batiri don kada su riƙa mutuwa ba zato. Wannan ya nuna cewa wani lokaci nauyin da waya take yi daga batiri yake fitowa. Idan adadin ya sauko ƙasa da kashi 80, lokacin canji ya yi. A wayoyin Samsung ana iya gwaji ta manhajar Samsung Members.

Wayoyin Android da yawa ba su da irin wannan ma'auni, sai a dogara da alamomi: waya ta mutu tana nuna saura kashi 20 ko 30, ko caji ya faɗo daga 60 zuwa 35 cikin 'yan mintuna, ko ta mutu da zarar an buɗe kyamara. Kafin a yanke hukunci, a duba jerin manhajojin da suka fi shan caji a saiti, domin wani lokaci manhaja guda ce take aiki a ɓoye. Haka kuma waya tana shan caji sosai a inda sabis ba shi da ƙarfi, saboda tana ta faman neman sa.

Bayan wayar ya ɗago, kuma an ce batirin ne ya kumbura. Zan iya ci gaba da amfani da ita kafin na samu kuɗi?

A'a. Kumburi alama ce ta iskar gas da ta taru a cikin batirin, kuma irin wannan batiri yana iya kamawa da wuta idan aka danne shi, ko aka huda shi, ko aka ci gaba da yi masa caji. A kashe wayar, a ajiye ta nesa da katifa da labule da yara, kada a ɗaure ta da roba don marfin ya koma, sannan a kai ta wurin mai gyara. Wannan ita ce matsala ɗaya a cikin wannan shafi da ba ta karɓar lallaɓawa.

Canza batiri yana da amfani, ko asarar kuɗi ce a kan tsohuwar waya?

A ganina shi ne gyaran da ya fi kowane riba, matuƙar sauran sassan wayar lafiya suke kuma ba a daina turo mata sabuntawa ba, kamar yadda za a yi bayani a ƙasa, a amsar da ke kan sabuntawar tsaro. Ba a sayar da babur don tayarsa ta suɗe. Kuɗin batiri ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwar waya, kuma yana iya ƙara wa wayar shekara ɗaya ko biyu na aiki.

Inda ake samun matsala shi ne ingancin batirin, domin kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da tambarin kamfani. Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion na China ne yake ƙera su, suna da cibiyoyin Carlcare a manyan birane. Wanda zai je wurin mai gyara na kasuwa ya nemi wanda aka san shi da shago tsayayye, ya tambayi wa'adin da zai ba shi idan batirin bai yi kyau ba, ya kuma tsaya a yi aikin a gabansa. Ya cire layinsa da katin memori kafin ya miƙa wayar, kuma canza batiri ba ya bukatar a bayar da lambar buɗe waya, balle ta manhajar banki.

Wane irin caji ne yake tsawaita rayuwar batiri?

Batirin lithium ya fi jin daɗin zama tsakanin kashi 20 zuwa 80, kuma tsohuwar shawarar nan ta a bar waya ta mutu murus kafin a yi mata caji ta wani irin batiri ce da aka daina sa wa wayoyi. Sababbin wayoyin iPhone da Samsung da wasu suna da saitin da yake tsayar da caji a kashi 80 ko kusa da haka. Sai dai wanda wutar lantarki take zo masa awa biyu a rana ba zai bar caji a 80 ba, kuma bai yi laifi ba. Abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi ne ya guji zafi: kada ya yi caji a ƙarƙashin matashin kai, kada ya riƙa kallon bidiyo tana kan caji, kuma ya cire mata rigar roba idan ta ɗauki zafi.

Caja mai arha da ba ta daidaita wuta tana cutar da waya, musamman a kan janareta. Wanda yake kai caji wurin masu caji na haya gara ya kai fawa bank ya bar wayar a hannunsa. Idan kuma waya ta fara ƙin karɓar caji sai an karkata igiyar, a fara duba ramin cajin, domin ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ciki su toshe shi. Tsinken sakace na itace yana fitar da su a hankali bayan an kashe wayar, amma ban da allura ko wani ƙarfe.

Wayata ta yi nauyi, tana sandarewa. Akwai abin da zan yi kafin na yi tunanin sauya ta?

Akwai, kuma ba ya cin ko kwabo. Waya tana bukatar fili a ma'ajiyarta don ta yi aiki, kuma idan ta cika maƙil komai yana yin nauyi. A wurin yawancin mutane WhatsApp ne ya cinye filin, saboda bidiyoyin wa'azi da na biki da saƙonnin gaisuwar Juma'a da suke sauka da kansu daga zaurukan dangi da na unguwa. A cikin saitin WhatsApp akwai sashen ma'ajiya da yake nuna manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, kuma a nan ne ake kashe saukar da bidiyo kai tsaye. A goge manhajojin da aka yi watanni ba a buɗe ba, a koma amfani da ƙananan nau'o'i irin su Facebook Lite, sannan a riƙa kashe wayar ana kunnawa ko da sau ɗaya a mako. Manhajojin da suke tallar cewa suna share waya su ƙara mata gudu yawancinsu talla suke cusawa, kuma su kansu nauyi ne.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, bayan an adana bayanai kamar yadda amsar ƙarshe, ta shirin rabuwa da tsohuwar waya, ta bayyana. In har bayan haka nauyin yana nan, kuma batirin lafiya yake, to ƙarfin wayar ne ya gaza. Waya mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji suke aiki a kanta) na 2GB da ma'ajiya ta 32GB ba za ta ɗauki manhajojin yau da sauƙi ba, kuma babu filashin da zai canza wannan.

Mene ne sabuntawar tsaro, kuma ta yaya zan san ko har yanzu ina samun ta?

Kullum ana gano kurakurai a tsarin Android da iOS na iPhone waɗanda ɓarayin intanet za su iya bi su shiga waya. Google yana fitar da gyaran na Android kowane wata, amma kamfanin da ya ƙera wayar ne yake da alhakin isar da shi, kuma kowane kamfani yana da iyakar shekarun da yake yin haka. A shiga saiti, a buɗe sashen bayanin waya, a nemi kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ya wuce shekara guda, kuma an duba babu wata sabuntawa da take jira, mai yiwuwa an daina kula da wayar.

Bambancin da ke tsakanin kamfanoni a nan yana da yawa. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ta fito a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, har ma ya ba Galaxy A16, wadda take cikin masu sauƙin kuɗi, shekara 6. iPhone 6s ta 2015 ta samu iOS 15 a 2021, ta kuma ci gaba da samun gyaran tsaro bayan nan. Wayoyi masu arha da suka fi yawa a kasuwanninmu galibi wa'adinsu ya fi wannan gajarta sosai, kuma mai shago ba ya ambata shi sai an tambaya. Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki a Yunin 2025 wadda ta wajabta aƙalla shekara 5 na sabuntawa bayan an daina sayar da samfurin waya, amma dokar ta shafi wayoyin da ake sayarwa a can ne.

An daina turo wa wayata sabuntawa. Dole ne na jefar da ita yanzu?

Ya danganta da abin da ke cikinta. Wayar da ake kira da sauraren karatu da kallon labarai da ita za ta iya ci gaba da aiki, domin manhajoji irin su Chrome da WhatsApp suna samun nasu gyaran ta Play Store na wasu shekaru bayan kamfanin wayar ya janye. Sharaɗin shi ne a tsaya ga Play Store kaɗai, a guji manhajojin da ake turawa ta Xender ko ta saƙo, a guji jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp, kuma kada a taɓa adireshin intanet da aka turo da alkawarin tallafi ko kyautar data.

Amma wayar da take ɗauke da asusun banki, ko OPay da Moniepoint na kasuwanci, ko kuɗin adashen jama'a, lissafinta daban ne. A nan ina ganin ƙarewar sabuntawa ita kaɗai ta isa dalilin fara tara kuɗin wata, ko da wayar tana aiki sumul. Kafin kuɗin su taru, ana iya cire manhajar banki a koma amfani da lambobin USSD na bankin, waɗanda suke aiki ko a ƙaramar waya mai madannai, tare da sa wa layin lambar sirri don kada wanda ya sace shi ya yi amfani da shi.

Gaskiya ne WhatsApp zai daina aiki a tsofaffin wayoyi?

Yana faruwa, amma ba da yawan da jita-jita take nunawa ba. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya koma bukatar iOS 15.1, abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Duk waɗannan wayoyi ne da suka kai shekara goma ko kusa. Manhajar takan nuna sanarwa a cikinta kafin ranar, saboda haka saƙon da ake yaɗawa a zauruka da jerin sunayen wayoyi ba abin dogaro ba ne. Manhajojin banki sukan riga WhatsApp juya wa tsohuwar waya baya.

Ya kamata na sauya waya don na samu 5G?

Ga mafi yawan mutane, a'a. MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu ya fi ƙarfi a wasu sassan manyan birane, kuma 4G ya wadatar da kira na bidiyo da tura kuɗi. Wanda wayarsa ta tsaya a 3G shi ne zai ga bambanci na gaske idan ya sauya.

Ta yaya zan auna tsakanin gyara da sayen wata?

A fara da tambayar nawa ake sayar da irin wayar ta hannu mai lafiya a yau, domin da wannan farashin ake auna gyara, ba da kuɗin da aka saye ta ba. Ma'aunin da nake ba da shawara shi ne, idan gyaran zai ci fiye da rabin wannan kuɗi, a dakata a yi tunani. Batiri da ramin caji da lasifika kusan kullum suna ƙasa da haka. Sikirin yakan kai rabin ko ya wuce, musamman a manyan wayoyin Samsung da iPhone, kuma na arha da ake sawa a madadinsa ba ya kai na asali haske da jin taɓi. Matsalar fanel, wato babban allon da ke cikin wayar, da shigar ruwa su ne suka fi rashin tabbas, saboda sukan dawo bayan an biya kuɗin gyara.

Sannan a haɗa matsalolin wuri ɗaya. Fasasshen sikirin a wayar da take samun sabuntawa gyara yake bukata, amma fasasshen sikirin da raunin batiri da ƙarewar sabuntawa a waya guda sun nuna cewa kuɗin gyaran gara su zama somin kuɗin wata. Mai sana'a kuma ya sa cinikin da yake rasawa a lissafi: matar da take sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, idan wayarta tana mutuwa a tsakiyar ciniki, tana biyan kuɗin sabuwar waya a hankali ba tare da ta riƙe ta ba.

Wanne ya fi: sabuwa mai sauƙin kuɗi ko babbar waya ta hannu?

Sabuwa tana zuwa da sabon batiri da waranti da kwanciyar hankali a kan asalinta. Babbar waya ta hannu, irin wadda ake kira London use a Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja da Computer Village ta Ikeja, takan fi ta kyamara da sauri, amma ta riga ta cinye wani ɓangare na batirinta da na shekarun sabuntawarta. A nemi shekarar da samfurin ya fito, a cire shekarun da ya yi daga wa'adin kamfanin, abin da ya rage shi ake saye. Ko wacce za a ɗauka, a yau bai kamata a sauko ƙasa da RAM na 4GB da ma'ajiya ta 128GB ba idan hali ya yi.

Mai sayen ta hannu ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta fito da wadda ke saiti, ya sa a rubuta ta a rasit mai sunan shago, domin wayar sata tana iya kai mai sayenta ofishin 'yan sanda. Ya tabbatar an cire asusun iCloud ko na Google na tsohon mai ita, ya sa nasa layin ya yi kira a gaban mai shago don gane ko an kulle ta a kan wani kamfanin sadarwa na waje. iPhone 14 da waɗanda suka fito bayanta da aka yi don kasuwar Amurka ba su da gidan layi, eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba, kaɗai suke karɓa.

Sayen waya a biya kaɗan-kaɗan fa?

A tara jimillar abin da za a biya har ƙarshe a gwada da farashin kuɗi hannu, domin ratar takan yi yawa. Irin waɗannan wayoyi sukan zo da manhajar da take kulle su idan an makara da biya. Wanda yake da damuwa a kan riba ya nuna wa malami takardar yarjejeniyar kafin ya sa hannu.

Me zan yi kafin na rabu da tsohuwar wayar?

A tabbatar lambobin mutane suna kan asusun Google ko iCloud, kuma an san kalmar sirrin asusun, domin mutane da yawa mai shago ne ya buɗe musu shi ranar da suka sayi wayar, ba su taɓa rubuta ta ba. Google yana bayar da 15GB kyauta, iCloud 5GB, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana cin wannan fili. Idan hotuna sun fi haka a kwashe su zuwa kwamfuta ko katin memori. A buɗe WhatsApp da manhajojin banki a sabuwar wayar, a ga komai ya dawo, kafin a taɓa tsohuwar.

Bayan haka a fita daga asusun Google ko iCloud, a cire layi da memori, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko da ƙane ko ɗa za a ba wa. Idan aka share ta ba tare da an fita daga asusun ba, tana iya kullewa a hannun wanda ya karɓa. Wadda batirinta yake da lafiya tana iya zama ta sauraren karatu a gida, ko a bayar da ita a yi ciko wajen sayen wata. Wadda ta mutu a sayar wa masu gyara su cire sassanta, kada a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, saboda batirin lithium yana fashewa a cikin wuta.